Ƙafar Hanne, da Abin da Za a Ce Ya Kashe Ni

Da sunan Allah. Ni Datti Barau, mutumin Kademi, malamin motsa jiki a makarantar sakandare, nake rubuta wannan yau Laraba, 17 ga Nuwamba 1976. Hankalina garau yake, na san rana, na san abin da nake faɗi. Jikina ne ya ƙi. Bugun zuciyata ina zaune ɗari da goma sha biyu ne a minti, na lafiyayye kuwa wajen saba'in. Ƙafafuna sun kumbura har gwiwa. Wata biyar ke nan da na gama digiri a Zariya, aikin da na yi da shi bai cika zango ɗaya ba.

Hanne, shekararki bakwai. Abdulsalam, kai uku. Mahaifiyarku Barira za ta ajiye muku takardar nan, a karanta muku yanzu, ku kuma karanta da kanku in kun girma.

1. Gado ba nawa ba ne in raba, Allah Ya riga Ya raba. Gonar Gafasa da ɗakuna biyu na Kademi a kai su gaban alƙali. Abin da na bayar tun ina raye, gaban liman da Baffanku Inuwa, kyauta ce: littattafaina goma sha ɗaya da usur na Abdulsalam ne, sandunan dafawa da na kafa a tsakar gida da takalmin ƙarfe na Hanne ne. Kada a tuge sandunan don a ɗaure akuya.

2. Za ku ji ana cewa gudu ne ya cinye mini zuciya. Inna Hure, kakarku, ta riga ta fara faɗi. Ba haka ba ne. Na tambayi likita a Kano, na sa ya maimaita, na rubuta: zazzaɓin gaɓoɓi da na yi ina ɗan shekara tara ne ya taɓa zuciyar, ya kwanta shekara da shekaru kafin ya tashi. Wannan magana ta fi ciwon damuna, domin in ta zauna a gidan nan, Hanne ce za ta biya.

3. Hanne, shan inna ya kama ƙafarki ta hagu kina da shekara biyu. Da na tafi Zariya na bar umarni a riƙa miƙe miki ita kullum. Kika yi kuka kwana uku, Inna ta goya ki ta ce ba za a karya mata jika don wasan Turawa ba. Aka bari saboda tausayi. Da na dawo, gwiwar ta lanƙwashe, diddigenki ba ya kai ƙasa, saura yatsa huɗu. Yau saura yatsa biyu. Aikin shi ne: miƙewa sau ashirin da safe, ashirin da la'asar, sannan kai da komo goma tsakanin sanduna. In aka bari wata shida gwiwar za ta sandare, ki koma rarrafe. Ban ƙara ba, ban rage ba.

4. Ku san abin da na karanta, don kada ku ji kunyarsa. Ranar sunan Abdulsalam, Yaya Inuwa ya ce a gaban mutane wai gidan malamai ya tura ɗa Zariya ya karanto tsalle. Aka yi dariya, na tashi na bar zauren, tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Abin da muke yi a fili kuwa shi ne mu gina huhu da zuciya da ƙashin yaro a shekarun da yake tsiro, mu koya masa jiran layi, ya sha kaye ya miƙa hannu. A fili ne malami ke fara ganin ciwo. Cikin yara talatin da takwas na aji ɗaya na ga biyu suna haki da wuri, ɗaya ɗan garin Toranke. Na tura su asibiti, aka gano ciwonsu tun da sauran lokaci.

5. A kowace makaranta da na shiga, yaro mai rauni a ƙafa ana zaunar da shi gindin bishiya ya yi gadin takalma, sauran suna fili. Shekara biyar yana gadin takalma. Hanne, in Allah Ya kai ki sakandare, kada a rubuta miki takardar uzuri. Ki ce wa malamar ki iya jifa, kin iya kama ƙwallo, kin iya tafiya zagaye ɗaya ko da ke ce ta ƙarshe.

6. Na yafe wa Yaya Inuwa, na kuma je na nemi ya yafe mini fushin shekara uku. Hannun Barira ba ya iya danne gwiwar in Hanne ta fara kuka, shi kuwa ko Inna ba ta ja da maganarsa. Na roƙe shi ya karɓi aikin. Na ce masa abin kamar tilawa ne, wanda ya ajiye ta wata biyu ya san abin da zai tarar. Ya ce Allah Ya ba ni lafiya in yi da kaina. Bai ce to ba, bai ce a'a ba, kuma ba ni da kwanakin jiran amsa.

Saboda haka Hanne, abin ya dawo kanki, ki yafe mini nauyin. Washegarin sadakar uku, da an idar da sallar asuba, ki je zauren Baffa da ƙafarki, kada kowa ya goya ki. Ki gaishe shi, ki zauna, ki miƙa masa ƙafar. In ya kau da kai ki koma gobe. Ɗan'uwana ne, na san iyakar kwanakin da zai iya kau da kai.

Ku bi mahaifiyarku, ku girmama Inna, kada ku bar gidan Kademi ya rabu a kan maganata. Allah Ya raya ku bisa Musulunci, Ya yi muku albarka, Ya tsayar da ku duka biyun da ƙafafunku.

Mahaifinku,
Datti Barau