Kayenki Yana Kantar Ƙasa

Madawa, ranar Alhamis, sha biyu ga watan Azumin Tsofaffi

Zuwa ga matata, marigayiya Rabi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke cewa ni da yara muna nan lafiya, sai ciwon gwiwar da kika sani. Yanzu ina zaune a Madawa, gidan 'yarmu Auta.

Har yau ba su ba ni amsa ba, Rabi. Kin san waɗanda nake nufi. Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa a lakwal, makarantun bokon ƙauyuka, daga ƙasar Keita zuwa ta Buza, ina rubuta wa manyan ofis takardar neman a maido ni gari, da faransancin da ya fi na wanda zai karanta ta. Waɗanda nake taya aikin gida muna ɗalibai suka zama masu mota da direba, ni ina tura keke cikin duwatsu. Da na yi ritaya aka ba ni mabuɗin ɗakin karatun garinmu, sai na koma rubuta wa kwamitin ɗakin: rufi yana yoyo, tagar yamma ba ta rufuwa, a zo a gani. Su ma ko sau ɗaya ba su ɗauki biro ba. Wannan fushi kin san shi, kin zauna gida ɗaya da shi.

Na fara da shi ne domin da shi nake fakewa. Duk wanda ya tambaye ni yadda aka yi ɗakin karatun ya mutu, nakan ce korona ce da kwamiti. Haka na gaya wa Madam Saratu, malamarku, haka na gaya wa Auta. Auta ce za ta buga wannan wasiƙa a wayarta ta sa inda tsofaffin ɗalibaina ke karantawa, don haka ita ma yau za ta ji.

Kin tuna ɗakin. Ginin ƙasa ne da aka yaɓa wa siminti, kanta shida na katako, benci huɗu, da tebur ɗina kusa da ƙofa. A ɗaki irin wannan babu abin tsoro kamar gara. Tun ranar farko na sa kowace ƙafar kanta cikin gwangwanin tumatir, na zuba baƙin man da masu gyaran babur ke zubarwa. Kowace Alhamis sai in ƙara man, in ja kanta daga bango tsawon taƙi guda, in bi bangon da sanda in ga ko ta fara gina hanyarta. Ke ce mai shara. Kina shara kina cewa, "Mushe, gara ba ta hutun Juma'a." Kamar kowa a garin, Mushe kike kira na, yadda ake kiran malamin lakwal da faransanci, har ranar da muka rabu.

Ni na tsara kantocin, kuma na tsara su yadda zuciyata take. Manyan littattafan faransanci a sama, inda ido ke fara sauka. Na 'yan lakwal a tsakiya. Ƙananan littattafan Hausa na yaƙi da jahilci, masu siririn bango, waɗanda ke koyar da kiwon awaki da haɗa ruwan gishiri da sukari da 'yan tatsuniyoyi, na jera su a kantar ƙasa, taƙi ɗaya daga daɓe. Ban ɗauke su littattafai ba. Kin lura da haka. Durƙusawa kike yi ki ɗauka.

Kina da shekara hamsin da wani abu kika shiga ajin manya na Madam Saratu. Ita Kirista ce, ta yi aiki a asibitin mishan kafin ta dawo garinmu tana koya wa mata karatu da la'asar. Ranar da kika gaya mini za ki shiga, dariya na yi. Shekara talatin kina auren malamin lakwal, ban taɓa zaunar da ke na nuna miki baƙi ɗaya ba, sai wata ce ta zo daga waje ta yi. A lokacin ban ji kunyar wannan ba.

Bayan damina biyu kina karatu. Kina bin layi da ɗan yatsa, leɓenki na motsi, wani lokaci miya na ƙonewa. Kin karanta littafin awaki har sau uku, ke da kika tashi a Garhanga cikin awaki, kina yi wa marubucin gardama: "Wanga bai taɓa riƙon akuya mai haihuwa ba."

A ƙarshen ajin, Madam Saratu ta ba kowace mace kaye, irin wanda yara ke rubutu a ciki a lakwal, ta ce ta cika shi da labarin rayuwarta. Aka shirya za a ajiye su a ɗakin karatu don masu zuwa baya su gani. Wata biyu kina rubuta naki a gindin darbejiyar tsakar gida. Da kika gama kika kawo mini da hannu biyu. Na karɓa, na buɗe, hannuna ya tafi aljihu ya fito da jan biro. Wallahi ban yi niyya ba, hannun ne ya saba. Kika miƙo hannu kika rufe kayen a hankali, kika ce, "In jan biro za ka sa mishi, bar shi." Ni kuwa na yi fushi, na ce to an bar shi. Washegari na ba shi lamba, na rubuta a rajista, na sa shi a kantar ƙasa tare da na sauran matan. Na ce a raina wata rana zan karanta.

Sai shekarar korona ta zo. Cikin tsakiyar zafi aka rufe lakwal, aka hana taro, har masallatai aka taɓa. Shugaban kwamitinmu ya kira ni ta waya, karo na farko da ya nemi lambata, ya ce a rufe ɗakin sai yadda hali ya yi. Maganar ba ta kai minti ɗaya ba.

Da na gaya miki, sai kika kawo shawara. Kika ce a yi wa littattafan yadda ake yi wa awaki a wajenku idan mai su ba zai iya da su ba: a rarraba wa gidaje riƙo, kowa ya kula da nasa, in lafiya ta samu a maido. Kika lissafa gidajen da bakinki, gidan tela, gidan Madam Saratu, gidajen 'yan matan nan masu shirin jarrabawa. Kika ce, "Takarda ba ta son kaɗaici, Mushe. Inda ba a taɓa ta, nan aka cin ta."

Na yi miki lacca. Na ce littafi ba akuya ba ne, akwai ƙa'ida, ba ya fita sai da kati, kati kuma ba ya aiki sai ɗaki na buɗe. Na ce in na raba suka ɓace, kwamitin da bai taɓa leƙowa ba shi zai fara kira na ɓarawo. Kika ce to ko na kantar ƙasa kaɗai in ɗauko miki, tunda babu mai neman su sai ku. Na ce doka ba ta san kantar ƙasa ba.

Ranar da na rufe, abu biyu na ɗauko na kawo gida: rajista da hatimi.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba wanda ya karɓi mabuɗin daga hannuna. Ba wanda ya ce kada in shiga ni kaɗai. Taro aka hana, ba a hana tsoho ɗaya zuba mai a gwangwani ba. Alhamis ta farko na tashi, na ɗauki jarkar man, na kai ƙofar gida, sai na tsaya. Na ce su da suka rufe, su zo su zuba. Na ce bari su ga abin da ke faruwa idan babu ni. Na mayar da jarkar bayan ɗaki. Kina zaune kina tsince wake, kin gan ni na fita, kin gan ni na dawo.

Kafin ruwa ya sauka sosai aka buɗe lakwal, kasuwa ta koma yadda take, kabu-kabu suka cika hanya. Shugaban kwamiti ya aiko a ce mini in buɗe in na ga dama. Na ce ban yarda da saƙon baki ba. Na ce an rufe ta waya, amma buɗewa sai da takarda mai sa hannu. So nake, Rabi, sau ɗaya a rayuwata wani ya zauna ya rubuta mini. Na yi zaton za su ji kunya su rubuto cikin mako. Su kuwa sun manta da ni da ɗakin gaba ɗaya. 'Yan matan jarrabawa su biyu suka zo ƙofar gida sau biyu suna neman littattafan lissafi, na ce su je su tambayi kwamiti. Ɗaya ta ci, ɗaya ta faɗi. Ban san ko littafin zai canja wani abu ba, kuma ba zan taɓa sani ba.

A daminar nan ciwonki ya tashi. Ƙafafu suka kumbura, tafiya ta gagara, kika koma zaman tabarma. Yini yana yi miki tsawo. Littafi ɗaya ne a hannunki, wanda kika aro kafin rufewa, na dashen itatuwa, har bangonsa ya rabu. Kin sake tambaya ta sau biyu. Na farko kika ce, "Mushe, ba ka leƙa takardunka?" Na ce sai takarda ta zo. Na biyu, muna dawowa daga asibiti a bayan mota, kika ce, "Ka ɗauko min nawa, akwai abin da ban ƙarasa ba." Na ce in kin ji sauƙi za mu je tare. Tsakanin gidanmu da ɗakin bai kai tafiyar da ake yi zuwa masallacin Juma'a ba. Mabuɗin yana cikin aljihun rigar da nake sanye da ita.

Ba ki sake tambaya ba. Kin san ni. Kin san in aka matsa mini ƙara taurarewa nake yi, sai kika bar ni, kamar yadda kika saba bari na.

Kika rasu ana girbin gero.

Bayan sadakar arba'in Madam Saratu ta zo gaisuwa, ta zauna, ta ce matan ajinku suna son a ba su kayenki su karanta a tsakaninsu, su yi miki addu'a. A gabanta na ji nauyin in ce sai takarda ta zo. Muka tafi tare da hantsi.

Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da na zuba masa mai. Da ƙofar ta buɗe, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya fito. Gwangwanayen sun bushe ƙaf, ƙura ta cika su. Kanta ɗaya ta jingina da bango, gara ta gina hanyoyinta daga daɓe, jajaye, kamar jijiyoyin hannun tsoho. Na sama, manyan na faransanci, suna nan lafiya, sai ƙura. Na tsakiya an ci gefensu. Kantar ƙasa kuwa daga nesa sai ka ce ba abin da ya same ta, bangunan suna jere yadda na bar su. Na durƙusa na ja naki. Bangon ya zo hannuna shi kaɗai, cikinsa ƙasa ce.

Madam Saratu ta durƙusa kusa da ni tana tona ƙasar da yatsu, ko za ta sami shafi guda. Ta daɗe tana yi. Ni kuma, ina tsugune a gabanta, bakina ya buɗe na fara zagin kwamiti. Na ce ga rufin da na yi ta rubutu a kansa. Rufin bai yi yoyo a wannan gefen ba, Rabi. Ita ma ta ɗaga kai ta duba, ta gani. Ta kakkaɓe hannunta, ta ce Allah Ya ba mu haƙuri. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ba a sake buɗe ɗakin ba. An kwashe na sama an kai wata lakwal, an ce mini suna cikin kwali.

Nakan zauna in yi ta tunanin me kika rubuta. Ko Garhanga ce da rijiyar da kike ba yara labari. Ko ɗanmu na fari da muka binne a ƙauyen da babu likita, wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba. Ko ni ne a ciki, kuma da wace fuska. Na tambayi matan ajin, suka ce ba ki karanta wa kowa ba, kin ce sai maigida ya fara gani. Abin da kika ce ba ki ƙarasa ba, shi ma ban sani ba.

Rabi, ki yafe mini. Na yi shekaru ina jiran mutanen da ba su san ina raye ba su rubuto mini layi biyu, alhali a cikin gidana an zauna wata biyu an cika mini kaye guda. Ki yafe mini dariyar ranar farko, da jan biron, da jarkar da na mayar bayan ɗaki. Auta, ke da kike buga wannan, ke ma ki yafe mini, gadonki ne na bari aka ci.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi. Allah Ya ba ki littafinki a hannun dama, ki karanta shi da kanki. Ya saka wa Madam Saratu da alheri. Ni kuma Ya sassauta mini wannan zuciya kafin in iske ki. Amin.

Ni ne mijinki, Mamman.

Kaye goma sha bakwai ne na mata a kantar ƙasa, naki yana cikinsu. Babu wanda ya tsira, kuma ban karanta ko layi ɗaya na naki ba.