Ka Bar Mahaifiyarka Ta Sha Hantsi

Zuwa ga ɗana Dogo,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara buɗi, ya raya mana jikokin nan. Mu nan sai godiya. Kawunka ya rabu da tarin nan, surutun ne dai har yanzu ba a samo maganinsa ba.

Ka ji a waya cewa Yaya, mahaifiyarka, ta karye a hannu, amma ba ka ji duka ba, domin Yaya ta hana a gaya maka. Ni kuwa ka san bakina ba shi da linzami. Ba faɗuwa ta yi ba. Tana zaune a kujerar nan mai laushi da ka saya mata, ta dafa za ta tashi, wuyan hannun ya karye. Tun kafin haka na lura zanenta ya fara jan ƙasa. Ni da nake ɗaga kai in dube ta tun muna yara, yanzu kafaɗarmu ɗaya.

Da aka yi hoton ƙashi da gwajin jini, likitar ta ce ƙasusuwanta sun zaizaye. Ta yi mini bayani har sau biyu, don kaina ba na boko ba ne. Wai fatar mutum ce ke haɗa bitamin D idan rana ta taɓa ta, shi kuma yake taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Idan kalsiyam ya yi ƙaranci a jini, akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu a wuya, kowace kamar ƙwayar shinkafa, sunansu paratairod. Su sai su saki wani sinadari da ke kwaso kalsiyam daga ƙashi ya zuba a jini, kamar mai zare itacen rufin ɗakinsa yana hura wuta. Shekaru ma sun yi nasu, amma na Yaya rashin rana da rashin motsi sun ƙara.

A nan maganar ta zo kanka. Ka tuna shekara biyu da suka wuce da ta zame a bakin famfo, ka sa ta yi maka alkawarin ba za ta ƙara fita tsakar gida ba, ka ɗaukar mata mai aiki. Matar da hantsi bai taɓa samunta a ɗaki ba, tana shanya, tana faɗa da kajinta, yanzu ta bayan gilashin taga take kallonsu. Likitar ta ce hasken ranar da ya ratso gilashi ba ya yin wannan aikin. Ba laifinka nake gani ba, ɗana, ƙauna ce ta sa ka, ni ma har gadinta na taya ka. Gyara kayanka ba sauke mu raba ba ne.

An ba ta magunguna, tana sha. An kuma ce ta riƙa shan hantsi, tana 'yar tafiya da mai riƙe ta. Ta ƙi. Na lallashe ta, na yi faɗa, ta ce alkawari kaya ne, wanda ya ɗora mata shi kaɗai zai sauke. Tsoro nake ji, Dogo, domin likitar ta ce idan aka ci gaba a haka ƙugu ne zai iya biyo baya, shi kuwa kwantar da mutum yake yi.

Don Allah ka rubuto mata da hannunka cewa ka yafe alkawarin. Kada ka ce waya, za ta ce kunya ce ta sa ka faɗa.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, da 'yan biyu, da Auta mai ƙiriniya. Kawunka da Yaya suna gaishe ku. Jiya ina shara na tarar da takalmanta na fita a ƙarƙashin gado, a goge tas. Mai aikin ta ce kullum da safe sai Yaya ta goge su da kanta, ta mayar. Ka hanzarta da amsa.

Taka har kullum,
Innarka