Mutanen da Iya Take Tambaya

Mayahi, Talata

Raihana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, da aikin ɗakin haihuwa.

Likita ya duba Iya jiya, bai sami komai ba. Jininta bai hau ba, kuma ta jera masa sunayen jikokinta ba kuskure. Amma maganar nan ba ta tsaya ba. Matata Lauratu, da na tura garinmu, Sarkin Hausa, ta zauna da ita har ta fita takaba, ta ce kullum bayan la'asar sai Iya ta dubi ƙasan gado ta ce, "Ko Gajere ya fid da jakinsa daga rijiya?" Wani lokaci kuma, "Farin karen Bature yana can cikin auduga, ba mai leƙa shi." Na tambayi dattawan gari. Babu Gajere mai jaki a Sarkin Hausa, kuma ba a taɓa noman auduga a gonarmu ba. Abincinta ma ya ragu.

Ga abin da na yanke. Da ta fita takaba zan ɗauko ta zuwa Mayahi, a rufe gidan, in kai ta Maraɗi wurin likitan ƙwaƙwalwa. Na san ba ta so. Ta gaya wa Lauratu daga gidan Baba sai kabari. Amma ba zan bar ta ita kaɗai a haka ba.

Na rubuto ne na ba mai mota, don kin san yadda saƙon murya yake yawo a dangi.

Ki gaida mutanen gida.
Yayanki, Gazali

Tasawa, Alhamis

Yaya Gazali,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai yawan haihuwa kamar an yi shawara a gari. Yaya aiki a biro, yaya zaman gwauro?

Kar ka rufe gidan kowa tukuna. Tambaya ɗaya gare ni. Ina kwalin sabulun nan da ke ƙarƙashin gadon Iya, wanda aka ɗaure da tsohon kallabi?

Ka ba mai motar amsa kafin ya juyo.

Ƙanwarka, Raihana

Mayahi, Juma'a

Raihana,

Bayan gaisuwa. Kwalin da kike nufi na littattafan yara ne masu hotuna, duk da Faransanci, wasu ko bango babu. Ranar da muka tattara kayan Baba na haɗa shi da sauran littattafansa. Na manya suna wurina. Na yaran na ba tsohon ɗalibinsa, Mushe Yasin, malamin da yake riƙe da lakwal, makarantar boko, a wani ƙauye ta wajen Cake, ya zama sadaka ga Baba. A gaban Iya aka fita da kwalin, ba ta ce komai ba.

Baba ne ya yi shekarunsa yana koyarwa. Iya ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Ban ga abin da ya haɗa wannan da ciwonta ba.

Na gaishe ki.
Gazali

Tasawa, Lahadi

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarka na yi dariya, daga baya na shiga ɗakin magani na share hawaye.

Littattafan nan ba na Baba ba ne, na Iya ne. Shi yake kawo mata duk wanda ya tsufa aka cire daga lakwal. Kai ba ka sani ba, saboda tun yaye aka kai ka riƙo Maraɗi wurin Kawu Mahaman, ka tashi a can. Mu da muka tashi a ɗakinta, kullum bayan la'asar take kwance kallabin nan ta "karanta" mana. Takan bi layin rubutun da yatsa kamar yadda ta ga Baba yana yi, amma labarin daga hotunan take ɗauko shi. Gajere wani ɗan duƙurƙusin mutum ne da jakinsa ya faɗa rijiya. Karen Bature kuwa ba kare ba ne, wata ƙatuwar farar dabba ce ta ƙasar sanyi, audugar kuma ƙanƙara ce.

Da na iya Faransanci na zo mata da ɗoki na ce, "Iya, ba haka aka rubuta ba." Ta ce, "To, ki karanta mana na gaskiyar." Na karanta. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wanda ya rubuta wannan bai dubi fuskar jakin ba." Baba yana daga zaure yana dariya har da tari. Bayan mun watse gidajen aure ma ba ta daina ba. Shi take yi wa, yana shan shayi yana mata gardama.

Ka ce ba ta ce komai ba. Yaya, kai ne ɗan fari. Matar da ba ta taɓa kiran sunanka ba, ita ce za ta tsai da kai gaban maza, tana cikin takaba, ta ce a bar mata littafin yara? Tambayar da take yi wa Lauratu, kai take yi wa. Hanyar da ta samu ke nan.

Ka zuba esansi a tankin moto, babur ɗin nan naka, ka tafi wurin Mushe Yasin. Ka bar likitan Maraɗi ya huta.

Taka, Raihana

Mayahi, Laraba

Raihana,

Assalamu alaikum. Na dawo daga Sarkin Hausa ɗazu.

Na sami Mushe Yasin. Da na yi masa bayani ya ce, "Babban yaya, sadakar da aka yi da kayan mai rai ai sai a mayar." Ya tattaro abin da ke aji ya ɗaure mini a bayan moto. Na yi masa alkawarin wasu a madadinsu.

Ban shiga ɗakin ba. Na ba Lauratu kwalin, na zauna a bakin ƙofa. Iya ta daɗe ba ta taɓa shi ba. Can ta ce, "Wa ya ɗaure shi da igiya kamar buhun gawayi?" Ta kwance, ta fid da su ɗaya bayan ɗaya tana goge su da gefen zane. Da ta zo kan na farar dabbar ta ce, "Kai, ka rame."

Sai ta fara. Lauratu take yi wa, amma da murya mai isa ƙofa. Bature ya bar karensa gadin auduga ya tafi kasuwa, ya manta hanya. Ana tsakiyar labari ta tsaya ta ce, "Lauratu, ki ce wa mijinki ya matso. Daga can ba ya ganin komai, kuma ba zan maimaita ba."

Na matso. Na san abin da aka rubuta a ƙasan hoton, idona yana kai. Ban gyara mata ba. Nata ya fi, kuma ina ganin dabbar ta fi kama da kare.

Da aka kawo tuwo ta cinye, ta ce miyar ba gishiri, a ƙaro. Na fasa zuwa Maraɗi. Gidan ba za a rufe ba. Shamsiyya 'yar Kawu ta yarda ta dawo wurinta idan Lauratu ta koma.

Abu ɗaya ya rage. Na Gajere ba ya cikin kwalin, kuma ta lura.

Ki gaida yara.
Gazali

Tasawa, Juma'a

Yaya,

Barka da Juma'a. Alhamdulillahi, yau na ci abinci da daɗi. Ka ji labari ɗaya kana neman zama gwani. Jira ka ji na akuyar da ta hau jirgin ƙasa. Amma ina Gajere?

Raihana

Mayahi, Asabar

Raihana,

Bayan gaisuwa. An gano inda yake. Wata ɗaliba ce ta kai shi gida, kakarta ta riƙe, ta ce sai ta ga yadda jakin zai fito. Iya ta aiko a gaya wa tsohuwar kar ta yi gaggawa, amma ta wanke hannu kafin ta buɗe.

Mushe Yasin ya ce tsohuwar ta gama, za a aiko shi a amalanken gero ranar kasuwa. Mai amalanken bai kira ni ba tukuna.

Yayanki, Gazali