Fasfon Nura a Cikin Kwalin Fim ɗinka

Zuwa ga Baban Amira,

Assalamu alaikum. Sallama haƙƙin musulmi ce ko yana raye ko yana kwance a kabari, shi ya sa na fara da ita. Ba zan tambaye ka gajiya ba, ba zan tambaye ka aiki ba. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Wannan bai dame ni ba, don ko da ranka ma ba karanta abin da na rubuta kake yi ba. Sau nawa na ba ka takardar cefane ka dawo da rabin kayan?

Ga labarin gida a taƙaice. Na fita takaba ranar Talata. Amira ta gama jarrabawa, ta ce ta yi ƙoƙari. Khalil har yanzu in na yi masa Hausa da Turanci yake amsa mini, amma ya daina tambayar yaushe za ka dawo daga ofis. Jami'a ta rubuto cewa bizarmu a jikin aikinka take, aikin kuwa ya ƙare ranar da ka faɗi a kan teburinka. Sun ba mu lokaci, sun kyauta. Mako mai zuwa za mu bar gidan nan na unguwar Wangsa Maju mu koma Kano. Kullum sai na buɗe fasfonmu na duba ranar ƙarewar biza, safe da yamma. Ka san dalili, ko sai na tuna maka?

Littattafanka na raba wa ɗalibai. Kayan sawarka na kai masallaci. Da na zo kan kantar falo sai na tarar da kwalin nan naka, baƙi mai zanen katanga, wanda ka hana kowa taɓawa. Kwalin tsohon fim ɗin gidan yarin nan na Turawa, mai faifai uku da ɗan littafi a ciki. Faifai ɗaya fim ɗin ne, biyu kuma surutun waɗanda suka shirya shi.

Kai da fim ɗin nan, Baban Amira! Shekara tara muka yi a ƙasar nan, ban taɓa ganin ka ba wa wani abu zuciyarka kamar yadda ka ba shi ba. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata bayan la'asar sai ka tara ɗaliban Arewa a falona. Ni ina kicin ina suyar samosa da haɗa zoɓo, in bai isa ba ka aika a sayo gurasar roti a ƙunso daga shagon abinci na ƙasan bene. Kuma ba barin bayin Allah kake yi su kalla ba. Minti biyar ka tsayar, ka gyara zaman tabarau, ka fara karatu. Gidan yarin nan na gaske ne, tsoho ne da aka riga aka rufe. Hannayen da ake nunowa kurkusa ba na jarumin ba ne, na daraktan ne, shi ya sa nasa don ya fi sanin abin da yake so. Ɗaya jarumin kuma wuni guda ya yi yana jifan ƙwallo ana sake ɗauka, bai yi ƙorafi ba, washegari ya zo da hannu a rataye. Ƙazantar da mutumin ya ja ciki a cikinta a bututun masai ba ƙazanta ba ce, cakulan ne aka dama da garin katako da ruwa. Har maganar tsutsa ka haddace. Wai da za a nuna tsohon fursuna yana ba hankakansa tsutsa, masu kare haƙƙin dabbobi suka tsaya kai da fata cewa sai dai a nemo wadda ta mutu da kanta. Kana faɗa kana dariya har da riƙe ciki, ɗalibai na taya ka don kai ne Dakta. Sun ji labarin nan sau goma, sun yi dariya sau goma.

Nura ma yana cikinsu. Ka tuna shi ai? Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya zo yin digiri na biyu a jami'ar da kake koyarwa. Shi ne mai zama a ƙasa kusa da ƙofa, don ba ya iya haɗa kujera da mijin yayarsa.

Da lokacin sabunta bizarsa ya matso, kai ka ce ya kawo fasfon. Ka ce ofishin ɗaliban ƙasashen waje a ƙasan ofishinka yake, me zai sa ya je ya bi layi alhali kana nan. Ya cike takarda, ya maƙala hotuna, ya miƙa maka da hannu biyu a gabana. Bayan wata guda ya tambaye ka sau ɗaya, kansa a sunkuye. Ka ce ana kan aiki. Daga nan bai ƙara ba. Ta yaya zai ƙara? A gidanmu an koya mana cewa babba in ya ce ana kan aiki, maimaita tambaya ƙaryata shi ne. Da ɗan wata ƙasa ne, da tsayawa zai yi a ƙofar ofishinka kullum sai ka fito da fasfonsa. Nura kuwa kunya ta sa ya yi shiru har ranar ta zo ta wuce, yana yawo da kwafin fasfo a aljihu.

Da tsakar rana aka kama shi a unguwar Brickfields. Ya sauko daga jirgin ƙasa ya shiga wani shagon abinci cin shinkafa, jami'an shige da fice suka zo duba takardu. Aikinsu suke yi. Ba fasfo, kwafin da ke hannunsa kuma ya nuna biza ta ƙare. Aka sa shi a mota zuwa sansanin da ake tsare baƙin da ba su da takardu, can bayan gari.

Me ka ce mini da na zo maka ina kuka? Ka ce ka ba wa wani dillali fasfon don a yi sauri, dillalin ya gudu, wayarsa ba ta shiga. Ban taɓa jin sunan dillalin nan ba sai ranar, ban kuma ƙara ji ba. Ga mutane kuwa wata magana ka dinga faɗa, wai yaran yanzu sakaci gare su, wai da ya bi kadin takardunsa da haka ba ta faru ba. Na ji ka da kunnena kana faɗa a bakin masallaci ranar Juma'a.

Na samo lauya ta hannun wata maƙwabciyata. Ya ce in da fasfon, da kuma wani a jami'a da zai rubuta cewa jinkirin ba daga ɗalibin ba ne, akwai hanya. Ya ce ko da ba a bar shi ya ci gaba da karatu ba, aƙalla za a sallame shi gida da wuri. In babu fasfo kuwa sai an jira an tabbatar da ko shi wane ne, an yi masa takardar tafiya ta wucin gadi, wannan kuma ba ranar gamawa. Na rubuta lambar lauyan a bayan takardar kalanda da jan biro na ba ka. Ka karɓa, ka ce za ka kira.

Wata bakwai ya yi a tsare, Baban Amira. Ni nake shiga mota da sabulu da man ƙaiƙayi da 'yan kamfai in je. Sau ɗaya tak na roƙe ka ka raka ni. Ka ce lokacin sabunta kwantiraginka ne, bai dace a ga sunanka a littafin masu ziyarar irin wurin ba. Na ga ƙanena ta bayan gilashi, an aske masa kai, ƙuraje sun cinye tsakanin yatsunsa, wuyansa ya zama kamar na zakaran da aka fige. Abin da ya fara tambayata shi ne lafiyarka. Ya ce in ba ka haƙuri, ya jawo maka abin kunya a wurin aiki.

A cikin watannin nan bakwai ko Asabar ɗaya ba ka fasa ba. Ina dawowa daga ziyara in tarar da falo cike, kai a tsaye gaban talabijin kana bayanin cakulan da garin katako. Abin da Nura yake kwana kusa da shi ba cakulan ba ne. Har hawaye na ga kana sharewa a wurin da aka rufe jarumin shi kaɗai a ɗakin duhu. Hawaye, a kan Bature mai cin albashi wanda ana cewa a tsaya za a miƙo masa tawul da shayi! Tsutsa ma a fim ɗinka ta samu waɗanda suka tsaya mata. Ƙanin matarka bai samu ba.

To, bari in gaya maka abin da na gani ranar Laraba. Na buɗe kwalin don in ga ko faya-fayan sun cika kafin in bayar. Na ɗaga ɗan littafin. A ƙarƙashinsa ga koren fasfo. Ga takardar da Nura ya cike, hotunansa biyu na maƙale, babu hatimin kowane ofis a kanta. Ko ƙofar ofishin ba ta taɓa gani ba. Na zauna a ƙasa na fara nema maka uzuri, ka ga wautata. Na ce ko ajiyewa ka yi ka manta, ko kai ma ba ka san yana nan ba. Sai na buɗe fasfon. A tsakiyarsa ga takardar kalanda mai jan biro, da rubutun hannuna.

Ke nan bayan an kama shi ka buɗe kwalin nan, ka ɗauko fasfon, ka saka lambar lauya a ciki, ka mayar ka rufe. Ke nan duk Asabar ɗin da ka zaro faifai, hannunka yana gogar fasfon yaron da ke tsare. Mantuwa ka yi da farko, na yarda, kowa yana mantuwa. Amma da ranar ta wuce sai ka ga in ka fito da shi za a ce Dakta ya yi sakaci. Shi ke nan abin da ka tsorata. Ba ɗauri za a yi maka ba, ba kora ba, 'yar magana ce kawai da za ta wuce a mako guda. Kai da ka san hannun wane ne a kowane hoto na fim, ka ƙirƙiro hannun dillali ka ɗora a kan naka.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Na ga yadda ka fara ɗora kwalin a can saman kanta tun makon da aka kama shi. Na ga yadda ka daka wa Khalil tsawa ranar da ya hau kujera zai ɗauko. Raina ya ba ni wani abu, na danne shi, na koma kicin na ci gaba da suya. Irin kunyar da ta rufe bakin Nura ita ta rufe nawa. Wannan kason nawa ne, ni zan amsa shi.

Jiya da hantsi, yara na makaranta, na saka fim ɗin na kalle shi ni kaɗai, karo na farko ba tare da wani yana tsayarwa ba. Fim ne mai kyau, ba shi da laifin komai. Labarin mutumin da aka ɗaure a kan abin da bai yi ba ne, da abokin da bai yada shi ba. Shekara tara kana kallon wannan, abin da ka tsinta a ciki cakulan ne da tsutsa. Ka san yadda aka haɗa kowane bango, ba ka taɓa jin abin da ake faɗa a cikin ɗakin ba.

Nura yana Kano. Karatu ya tashi, hukumar da ta turo shi ta cire sunansa, ƙasar nan kuma an hana shi shigowa. Yana taya kawu zaman shagon kayan gini a Ƙofar Ruwa. Umma har yau tana yi masa kallon wanda aka ba dama ya watsar. Ranar da ka rasu ya kira ni yana kuka kamar ubansa ne ya mutu. Ya ce ya yafe maka duniya da lahira, ko da yake bai san abin da zai yafe ba, kai ne ma ya kamata ka yafe masa. Duk Juma'a yana yi maka sadaka.

Ranar da aka kai ka makwanci, matan malamai sun zagaye ni suna cewa in yafe maka, na ce na yafe. Abin da ke tsakanina da kai ba zan janye ba, na faɗa na faɗa. Amma wata bakwai ɗin nan ba nawa ba ne, ba ni da ikon yafe su. Shi kuma mai su ya yafe ne a kan ƙarya. Na kwana biyu ina juya abin. In na yi shiru, 'ya'yanka za su tashi da uba mai suna mai kyau, Nura kuma ya mutu yana zaton shi ya kashe rayuwarsa. In na faɗa, ka san sauran. Na gaji da rufa maka asiri da fatar ƙanena.

Faya-fayan na zuba su a kwandon shara na ƙasan bene, har da ɗan littafin. Fasfon yana cikin jakar hannuna tare da namu uku. Ranar da muka sauka zan zaunar da Nura a gaban Umma, in miƙa masa da hannu biyu kamar yadda ya miƙa maka, takardar kalandar na ciki. Ba zan ƙara gishiri ba, ba zan rage komai ba. In ya sake yafe maka bayan ya sani, ka ci sa'a, kuma ba halinka ne ya jawo maka ba. In bai yafe ba, kai da shi akwai ranar zama, a wurin da babu mai tsayar da hoto ya yi bayani.

Allah ya ji ƙan musulmi. Ka huta, in an bar ka ka huta.

Ni ce,
Hadiza, yayar Nura.