Wasan Ƙasa Ta Yi, Ba Bugun Ƙasa Ba: Ta'aziyyar Hajiya Zuhura Attahiru

Cikin alhini da ɗacin rai, tare da sallamawa ga hukuncin Ubangijin da Ya bayar kuma Ya karɓa, Ƙungiyar Kula da Yaran Iyaka ta Illela ta samu labarin rasuwar shugabarta kuma wadda ta kafa ta, uwar marayu, Hajiya Malama Zuhura Attahiru, wadda Allah Ya yi wa cikawa da safiyar Talata a gidan maigidanta, Malam Muslim Abu, bayan doguwar jinya, aka kuma yi mata sutura kamar yadda addini ya tanada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Marigayiyar ta yi karatun ba da shawara da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Sakkwato, kuma da zaman ofis a birni take so, da babu mai hana ta. Amma sai ta dawo gida a daidai lokacin da 'yan bindiga suka fara koro mutanen ƙauyuka zuwa cikin gari, suna jaye da yaran da suka ga abin da babba ma ba ya iya faɗa. Takan ce babba ana zaunar da shi ya faɗi damuwarsa, yaro kuwa bakinsa a hannunsa yake. Don haka ta buɗe ɗaki a bayan kasuwa, ta shimfiɗa tabarma, ta ajiye laka da 'yan tsana na kara da wani faffaɗan akwatin katako cike da yashi, ta raɗa masa suna Ɗakin Wasan Ƙasa. Ƙa'idarta ita ce, yaro ba a tambayarsa abin da ya faru, abin da ya gina ba a rushewa, abin da ya binne ba a tonewa sai ranar da ya tone da hannunsa. Ta bi gida-gida daga Garu har Gidan Katta tana shan dariyar iyaye mata masu ce mata, “Malama, wasan ƙasa da shi munka tashi, yaushe ya koma magani?” Ba ta yi fushi ba, har yaran da ke firgita da ƙarar babur suka soma barci, masu dariyar suka riƙa kawo mata 'ya'yan maƙwabta.

Wanda ya ba da ɗakin shi ne uban ƙungiyarmu, mai girma Alhaji Lawwali Sharafuddeen, bayan 'yarsa Rumaisa, wadda ta daina cin abinci tun da aka tare motarsu a hanya, ta warware a gaban wannan akwatin yashi yana tsaye yana kallo. A ranar buɗewa, a gaban malamai da masu unguwanni, da bakinsa ya ce, “Ɗakin ga na yara na, har Mahadi ya bayyana.” Mun riƙe wannan magana, don mun ɗauka maganar dattijo ce.

Bara, wani mai wucewa ya leƙa ta taga, ya ga mace zaune shiru a gaban yashi, yarinya tana ja da yatsa a ciki. Kalma ɗaya ya sauya, wasan ƙasa ya koma bugun ƙasa, kuma kafin kasuwar Lahadi ta watse, labari ya tsallake iyaka cewa Hajiya Zuhura, wadda ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa, duba take yi da 'ya'yan mutane. Ba mu riƙe mai leƙen a rai ba, domin abin da ya gani ke nan, iyakar saninsa ke nan. Ba mu riƙe iyayen da suka janye 'ya'yansu ba, tsoron Allah ne ya sa su. Wanda muka riƙe shi ne wanda ya sani. Magana ɗaya daga bakin Alhaji bayan sallar Juma'a ta isa ta kashe wannan wuta, kuma mun je har zaurensa mun roƙa. Ya ce mana mutane na kallonsa, a bari maganar ta kwanta. Maganar ba ta kwanta ba, sai kwaɗo muka tarar a ƙofar ɗakin, buhunan wakensa jibge a ciki, akwatin yashi da kayan yaran duka a bayansu. Ba mu ce baƙin ciki ne ya kashe ta ba, kwana ne ya ƙare. Amma mun ci amanar gaskiya idan muka ce ba a ci amanarta ba.

A wajen zaman makoki mun ji Alhaji yana yabon marigayiya da murya mai ƙarfi, yana shaida cewa mace ce mai tauhidi. Gaskiya ya faɗa, sai dai ihu ne bayan hari.

Wajibi ne jama'a su san abin da ke bayan wannan kwaɗo. Akwai wata yarinya, Rakiya, daga wata ruga kusa da Araba, wadda aka kashe mahaifinta, da take kira Baffa, a gabanta, tun ranar ba ta sake magana ba. Kakarta Adda ce kaɗai ba ta saurari tsegumi ba. Rakiya ta ƙera mutum da laka, ta sa masa sanda ta tsinke, ta binne shi a kusurwar akwatin, kuma kowace Alhamis takan zo ta ɗora tafinta a wurin, marigayiya na zaune gefe ba ta taɓa ba. Ana gab da rufe ɗakin yarinyar ta fara share yashin da ke kan mutumin lakar. Bayan rufewa, marigayiya ta zuba sabon yashi a zauren gidanta duk da ciwon da ke cin ta, yarinyar ta ƙi ko kallonsa. Jiya Adda ta kawo ta gaisuwa, Rakiya na zaune cikin mata sai ta buɗe baki, karo na farko, ta ce, “Ina anka kai Baffana?” Wadda ta jira wannan murya tana kabari, Baffan da yarinyar ta binne a yashi kuma yana bayan kwaɗo.

A madadin kwamitin amintattu da ma'aikata da iyayen yara, muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta Malam Muslim Abu, da 'ya'yanta Mahbuba da Abdu, da mahaifiyarta Hajiya Rahmatu, da ɗaukacin al'ummar Illela, muna roƙon Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya haskaka makwancinta, Ya wanke sunanta a zukatan waɗanda suka ji ƙarya, Ya ba iyalanta haƙurin jure wannan babban rashi, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen.

Ga mai girma uban ƙungiya kuwa, ba mu neman yabo, ba mu neman jawabi. Ranar Alhamis da hantsi Adda za ta kawo Rakiya ƙofar ɗakin kamar yadda ta saba, mu ma za mu tsaya tare da su. A zo da makulli, kuma kada kowa ya taɓa yashin.

Sa hannu:
Malama Lubabatu Abdu Garu
Kakakin Ƙungiyar Kula da Yaran Iyaka, Illela