Sunayen da Aka Kira na Bogi, Matan Gamana Ne

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Riƙo na Tarayyarmu ta Masu Noman Iri, ta yankunan Agiye, Gazawa da Gidan Rumji.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da 'yan kwamiti baki ɗaya. Yaya zafin bazara? Yaya haƙuri da jama'a? Allah Ya ba da ikon ɗauka.

Ni ne Malam Sanda na Cadawa, wanda yaran buro, wato ofishin Tarayya, ke kira Mai-Ordinatar. Kai ka san ni tun kana ɗan makaranta, kana zuwa lakol da gajeren wando, amma da yake wasiƙar nan a fili na rubuta ta, bari in faɗi ko ni wane ne don waɗanda ba su sani ba. Na koyar da yara, sannan na yi aikin ƙididdigar amfanin gona har na ajiye aikin gwamnati. Da furfurata na koyi rubuta porogaram, wato umarnin da ake jera wa ordinatar, na'urar da wasu ke kira kwamfuta, don ta san abin da za ta yi. Wanda Tarayya ke aiki da shi shekarun nan, mai riƙe da sunayen manoma da gonakinsu da irin da kowa ya karɓa, ni na rubuta shi da yatsuna biyu, don har yau ban iya bugawa da goma ba.

Ran taronmu na Agiye ka tashi gaban jama'a ka ce an zuba bayanan tsohon porogaram cikin sabon da Injiniya Lawali ya zo da shi daga Yamai, sabon ya tofar da sunaye masu yawa. Ka ce manoma sun fi gonaki yawa, saboda haka sunayen nan na bogi ne, a goge su, rabon irin bana kuma da sabon jeri za a yi shi. Ba ka ambaci sunana ba, na gode. Amma duk wanda ke cikin rumfar nan ya waiwayo ya dube ni, har da mai sayar da ruwan sanyi. Ban tanka ba a ranar, domin ba a yi mini tarbiyyar katse shugaba a bainar jama'a ba. Na dawo gida, na sha fura, na bari zuciyata ta huce. Ga amsata.

Na farko. Ban da wata rigima da Injiniya Lawali. Yaro ne mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni, kuma na ga aikinsa. Ya fi nawa sauri, ya fi nawa kyan gani, takardar da yake fitarwa ma har da launi. Nawa baƙi ne da fari kamar zabuwa. Idan kyau ake nema, na sallama tun yanzu.

Na biyu. Tunda an ce aikina tsoho ne, ina so a san abin da tsufan ya ƙunsa. Ba a rana ɗaya aka gina shi ba, kowace dabara da ke ciki wata wahala ce ta haife ta.

Lokacin da muka fara, wutar lantarki kan ɗauke alhali sakatare na tsakiyar shigar da mutum. In ta dawo sai a tarar da rabin mutum a ciki: ga suna, babu gari, ko ga buhun iri ya fita, ba a san hannun wa ya shiga ba. Na daɗe ina juya abin a raina, har na dubi yadda mai awo ke yi a kasuwa. Ba ya juye hatsi cikin buhunka sai tiya ta cika ya share bakinta. Sai na sa porogaram ya riƙa tara bayanin a gefe, sai ya cika sannan ya juye shi gaba ɗaya. In wuta ta ɗauke kafin nan, a sake awo, amma buhu bai ɓaci ba. Daga baya wani ɗan lakol ya gaya mini ai wannan dabara tana da suna a littattafai, Turawa sun daɗe da saninta. Na ce madalla, ashe su ma suna zuwa kasuwa.

Sannan muka samu ordinatar uku, ɗaya a kowane buro, kowace tana ba manoma lamba tun daga ɗaya. Da na zana yadda za a haɗa su, sai na ga mai lamba bakwai na Agiye zai hau kan mai lamba bakwai na Gazawa, mutum biyu su koma ɗaya. Na ce kowane buro ya sa harafinsa gaban lamba. Nan kuma wata ta taso, don Gazawa da Gidan Rumji duk da harafi ɗaya suka fara, kuma ba wanda ya yarda ya bar wa ɗan'uwansa. Aka kusa yin wuni ana musu. Ƙarshe na hana su duka: Gazawa ta ɗauki Z, Gidan Rumji ta ɗauki R. Kowa ya tafi yana gunaguni, amma har yau lamba ba ta ƙara hawa kan lamba ba.

Ga kuma ranar haihuwa. Ordinatar ta fi son rana da wata da shekara. Mutanenmu kuwa, ni ma a ciki, takardarmu cewa take an haife mu wajen shekara kaza. In ka tilasta wa sakatare sai ya cika gurbin, zai ba kowa ran farko ta watan farko, ka wayi gari rabin ƙauye tagwaye ne. Na buɗe gurbin da ke karɓar shekara kaɗai, da alamar cewa ƙiyasi ce. Ba na son porogaram ɗin da ke koya wa ma'aikaci ƙarya don a samu a wuce gaba.

Ban faɗi waɗannan don a tafa mini ba, ko da yake in an tafa ba zan hana ba. Na faɗe su don ka san abin da ke ciki ba a sa shi da ka ba.

Na uku, kuma shi ne dalilin wasiƙar. Sunayen da sabon porogaram ya tofar, na karɓi jerinsu wajen sakataren Gazawa, na zauna na karanta. Shugaba, ko ka karanta su kafin ka yi magana? Da ka karanta da ka ga abin da na gani tun shafin farko: Barira, Hure, Tsahara, Sa'a, Indo. Kusan duka mata ne.

Ga abin da ya faru. Sabon porogaram an gina shi bisa ƙa'ida ɗaya: gona ɗaya, mai gona ɗaya. Duk lambar gonar da ya gani sau biyu, sai ya riƙe sunan farko ya jefar da sauran, a zatonsa maimaici ne. Ƙa'idar ba ta da laifi a inda take aiki. Amma kai ɗan ƙasar nan ne, a gandu ka girma. Ka san gonar gida ɗaya ce a idon mai gari, amma a cikinta akwai gamana, ɗan yankin da maigida ke yanka wa matarsa, ko uwarsa, ko matar ɗan'uwansa da ya rasu, ta noma abinta, ta sayar ko ta ajiye, ba mai tambayarta. Ka san kuma gamana ba ta da tabbas a wuri ɗaya. Bana tana gabas kusa da gawo, baɗi maigida ya ce a koma yamma don ƙasa ta huta. Mace ta yi zawarci ta koma gidan ubanta, wanta ya yanka mata wata a can. Gonar ba tata ba ce, amma noman nata ne, irin kuma hannunta ya kamata ya shiga.

Kafin in rubuta ko layi ɗaya na porogaram, a ƙasa na fara zana shi da tsinke, a tsakar gidana. Na zana rumbu biyu, ɗaya na mutane, ɗaya na gonaki, na ja igiya tsakaninsu. Maiɗakina, Allah Ya ji ƙanta, tana tankaɗe a gefe. Ta tambaye ni abin da nake yi, na yi mata bayani irin na malamin lakol, mai tsawo. Ta saurara har na gama, sannan ta nuna zanen da bakin rariya ta ce, “To Malam, ni a wane rumbun ka zuba ni, ko da gyaɗar tawa kake shirin yin gaba?”

A ranar na zana rumbu na uku a tsakiya. Ba na mutane ba ne, ba na gonaki ba. Abin da yake riƙewa kawai shi ne: wane ne ya noma wane yanki na wace gona, a wace damina. Da wannan rumbun, gona ɗaya na iya ɗaukar mutum biyar ba a ce an yi maimaici ba. Mace na iya barin gandun mijinta ta koma na wanta, tarihinta ya bi ta: irin da ta karɓa, da wanda ta mayar bayan girbi. Duk cikin abin da na yi a rayuwata, da yaran da na koya wa karatu, da ƙididdigar da na yi wa gwamnati, babu abin da nake alfahari da shi kamar rumbun nan na uku. Shi ne kuma sabon porogaram bai da shi. Shi ya sa manoma suka fi gonaki yawa. Haka ne, sun fi su yawa. Tun kakanninmu sun fi su yawa.

Bari in ba ka mutum ɗaya, don jeri ba ya da fuska. Barira tana wani ƙauye yamma da Gidan Rumji. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ƙanensa, Malam Garba, shi ke riƙe da gandu, ya yanka mata gamana a ciki, kamar yadda ya yanka wa matarsa da tsohuwarsu. Wake take nomawa. Tun da ta shiga Tarayya ba ta taɓa fashin mayar da iri ba, waken da take kawowa kuma ba ya buƙatar tsinta. A sabon jeri akwai Malam Garba, shi kaɗai. In aka ba shi rabon mutum ɗaya, mutumin kirki ne, amma gandu zai fara shukawa, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Barira sai ta tafi kasuwa neman iri, a shekarar da kowa ya san yadda daminar bara ta bar mu, da yadda tiya ta yi tsada. Abin da za ta samu a can, in ma ta samu, wake ne na ci, ba na shuka ba. Ita ce ka kira ta bogi a gaban jama'a. Ni an dube ni ne kawai a rumfa, zan iya haɗiye wannan. Ita gamanarta ce za ta kwana babu shuka.

Na huɗu, gajere ne. Ƙasar nan duka a riƙon ƙwarya take, kowa na jiran ranar da za a koma zaɓe, mu ma a Tarayya haka. Matan nan da kake shirin gogewa, membobi ne, suna da ƙuri'a ranar da za a zaɓi shugabannin dindindin. Ban ce da nufi ka yi ba, na san gidan da ka fito. Amma mai riƙo da ya karɓi jama'a ya miƙa su babu matansu, mutane za su yi magana, kuma ba ni zan iya rufe bakinsu ba.

Ga roƙona.

Kada a goge suna ko ɗaya, kada kuma a taɓa ordinatar ukun nan, sai an gama abin da zan faɗa a ƙasa.

Rabon irin bana a yi shi da tsohon jeri. Gajimare ya fara taruwa ta gabas, ba lokacin gwaji ba ne.

A ba ni Injiniya Lawali mu zauna. Zan buɗe masa duk abin da na rubuta, layi-layi, ba na ɓoye komai, ba na neman ko dala. Rumbu na uku ba gadon gidanmu ba ne. Yaro mai kai irin nasa zai gina shi cikin nasa porogaram, wataƙila ma ya fi nawa tsabta. Ni na tsufa, idona ya fara gajiya da allon ordinatar, kuma na fi kowa son a samu wanda zai karɓa.

A taro mai zuwa, a rumfar da aka faɗi kalmar bogi, a janye ta. Ba sai an ambaci sunana ba, kamar yadda ba a ambace shi ba da farko. A ambaci na matan.

Na ƙarshe, ga gwajin da nake so a yi, kai ma kana zaune. Ran kasuwar Cadawa mai zuwa zan zo buron Agiye da sassafe. A kunna sabon porogaram, a shigar da gandun Malam Garba, sannan a shigar da Barira da gamanarta a cikinsa. In ya karɓe ta, ya bar Malam Garba a wurinsa, ya fitar da takardar rabo da sunanta a kai, to ni da yatsana zan goge tsohon porogaram a gabanka, in yi wa Injiniya addu'a, in koma gida in kama kiwon tumakina. In kuwa ya tofar da ita, ba zan ce komai ba. Zan dai roƙe ka ka hau mota ka tafi ƙauyensu, ka tsaya a bakin gamanarta, ka gaya mata da bakinka cewa babu ita.

Allah Ya yi maka jagora, Ya sa ka miƙa amanar nan cikakkiya kamar yadda ka karɓe ta. Allah Ya ji ƙan mahaifinka, abokina, wanda ya yanka wa mahaifiyarka gamanar da gyaɗarta ta saya maka littafin lakol na farko. Allah Ya ba mu damina mai albarka, ta sauka a gandu, ta sauka a gamana.

Wassalam.

Naka,
Malam Sanda Mai-Ordinatar,
Cadawa.