Akwatin Goggona da Ya Kori Ƙugi Daga Ajinmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Makarantarmu, Garwa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki. Ku gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto muku, ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu. Farin ciki ne ya tura ni, da wata 'yar damuwa.

Na ɗaya. Kun san ƙaramar na'urar nan mai cin memori da malamar Ingilishi ke kunna mana darasin sauraro. Tun farkon shekara, da zarar an jona ta a bango sai ta kama ƙugi, musamman in injin jawo ruwa na makaranta ya tashi. Ni a bencin ƙarshe nake. Sau uku ina faɗuwa gwajin sauraro. 'Yan aji suka sa mini suna Kurma, har Baba ya fara maganar kai ni asibiti a duba kunnena.

Na biyu. Wata Laraba aka ɗauke wuta, malama ta sa batir. Ranka ya daɗe, kowace kalma ta fito tas! A nan na gane laifin na wutar bango ne, ba na kunnena ba. Goggona mai sayar da folere, wato zoɓo, tana da akwatin daidaita wuta, wanda muke kira regilato, a jikin firjinta. Na roƙe ta aron kwana ɗaya, na rungumo shi a kan babur. Muka jona shi a bango, muka jona na'urar a jikinsa. Injin ruwa ya tashi, ƙugi bai dawo ba. Aji ya kaure da tafi, malama ta yi dariya har da hawaye, ni kuma na ci sha shida cikin ashirin a gwajin ranar. Baba ya fasa zuwa asibiti.

Na uku, ga damuwar. Da zan fita, malamin ladabtarwa ya karɓe akwatin, domin doka ta hana ɗalibi shigo da kayan wuta. Ban musa ba, gaskiyarsa ce, ban nemi izini ba. Amma yau kwana shida yana kulle a ofis. Goggo ta kashe firjinta don tsoron kada ya ƙone, kuma a zafin Garwa ba mai sayen folere mai ɗumi.

Ina roƙon ku sa a mayar mata da kayanta. In da hali, a samar wa ajin irinsa kafin jarrabawa, saboda mu biyar ne a bencin ƙarshe, kuma babu kurma a cikinmu.

Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya saka muku da alheri. In kun ba ni izini, zan sake rubutowa ranar da firjin Goggo ya tashi, tare da gorar folere mai sanyi.

Wassalam.
Ɗalibarku ta bencin ƙarshe.